Lambar da Ba Ta Barin Gida: 142,857

Ɗauki 142,857 ka ninka ta sau biyu, za ka sami 285,714. Sau uku, 428,571. Sau shida, 857,142. Duba da kyau: babu baƙon alƙalami ko ɗaya, kuma jerin bai wargaje ba. Kullum 4 na bin 1, 2 na bin 4, kamar 'yan gaɗa a dandali, wurin farawa kawai ke sauyawa. To me ya ɗaure su haka?

Bakin zaren yana ninki na bakwai. Nan wasan ke watsewa, sai ga 999,999, wato miliyan ɗaya ba ɗaya. Ashe da bakwai a cikin maganar, kuma Badauri ba ya bukatar a gabatar masa da bakwai. Labarin Bayajidda ya ce macijin rijiyar Kusugu da ke Daura ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, rana ɗaya cikin bakwai. Ga kuma Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Raba musu naira miliyan ɗaya daidai wa daida, kowa zai tashi da 142,857, a bar naira ɗaya a ƙasa.

Wannan nairar da ta yi saura ita ce mai laifin. A mayar da ita goma a raba bakwai: 1, saura 3. Talatin a raba bakwai: 4, saura 2. Ashirin: 2, saura 6. Sittin: 8, saura 4. Arba'in: 5, saura 5. Hamsin: 7, saura 1. An dawo inda aka faro, dole a sake zagayen har abada. Abin lura shi ne ragowar da bakwai ke iya bari shida ce kacal, daga 1 zuwa 6, kuma duk sun fito kafin a dawo. Saboda haka wanda ya ninka sau biyu ko sau biyar bai buɗe sabuwar hanya ba, ya dai shiga zagayen ta wata ƙofa.

Raba lambar gida biyu ma ka tara: 142 da 857 sun ba da 999. Wani Bafaranshe, Midy, ya bayyana dalilin wannan a 1836. Ni dai na fi ganin ƙimar zagayen ragowar, don shi ne uwa, wannan ɗa ne.

Kada a ce albarkar Daura ce ta sa. Sharaɗin farko shi ne mai rabawar ta zama lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, amma hakan bai isa ba. Gwada 13: bayan taki shida an dawo gida da 076923, alhali ragowarta goma sha biyu ce, rabi ba su fito ba. Ita kuwa 17 tana zagaye duk goma sha shidanta, ta haifi 0588235294117647, wadda ke juyawa haka nan daga ninki biyu har na goma sha shida, muddin ba a yar da sifilin farko ba.