Indiyawan Abadan da Yajin Aikinsu Biyu

A watan Disamba na 1920, Indiyawa kimanin 3,000 da ke aiki a matatar man fetur ta Abadan, a kudu maso yammacin Farisa, ƙasar da ake kira Iran a yau, suka ajiye kayan aiki suka ce ba su komawa sai an saurare su. Abin da suka nema ba shi da yawa: a ƙara albashi, a rage awoyin aiki, a biya kuɗin aikin da ya zarce lokacin tashi, a gyara tsabtar wuraren kwanansu. Sai kuma buƙata ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi taɓa ni: manyan ma'aikatan kamfani su daina zaginsu da cin zarafinsu. Duk wanda ya sa wannan a jerin buƙatunsa na yajin aiki, to ya daɗe yana haɗiyewa.

Me ya kai Ba'indiye wani tsibiri a bakin kogin Shattul Arab? A 1901 wani attajiri ɗan Ingila, William Knox D'Arcy, ya karɓi izinin haƙar mai daga sarkin Farisa na tsawon shekara 60, bisa sharaɗin a riƙa ba ƙasar kashi 16 cikin ɗari na riba. Aka yi ta haƙa babu labari, kuɗi suka kusa ƙarewa, har kamfanin man Burma ya shigo da jarinsa. Ranar 26 ga Mayu 1908 mai ya yi tsiri a Masjid Sulaiman. Shekara ta zagayo aka kafa kamfanin Anglo-Persian, aka yi hayar fili a tsibirin Abadan daga hannun Shaihu Khaz'al na Muhammara, aka jawo bututu na sama da kilomita 200 daga duwatsu zuwa bakin ruwa. A 1912 matatar ta soma aiki.

Yarjejeniyar D'Arcy ta ce ma'aikata su kasance 'yan ƙasar Farisa, in ban da masu ƙwarewa ta musamman. Ta wannan ƙofa aka shigo da Indiyawa. Mutanen yankin makiyaya ne da manoman dabino da masunta, ba su taɓa ganin tukunyar tace mai ba, Indiya kuwa tana ƙarƙashin Ingila kuma tana cike da masu sana'a. Rukunin farko daga matatar Rangun ta Burma aka kwaso su, da yawansu Musulmi 'yan Chittagong. Daga baya wakilan kamfani a Bombay suka riƙa ɗibar maƙera, kafintoci, magina, masu gyaran inji, direbobi, akawuna da kuku-kuku, kowa da takardar kwantiragi ta ƙayyadadden lokaci. Masallacin da Musulmin Rangun suka gina a Abadan yana nan tsaye har yau, da irin adon gine-ginen Indiya.

Ba aikin matata kaɗai Indiya ta yi wa wannan mai ba. Tun ana haƙa, 'yan dokin sojan Indiya ne ke gadin masu haƙar, ƙarƙashin wani matashin hafsa mai suna Arnold Wilson. A 1914 gwamnatin Ingila, bisa matsawar Winston Churchill wanda ke son jiragen yaƙin ruwa su bar kwal su koma mai, ta sayi kashi 51 cikin ɗari na kamfanin. A watan Nuwamba na wannan shekara, da aka shiga yaƙi da Daular Usmaniyya, rundunar da aka sauke a bakin Shattul Arab don kare Abadan daga Indiya ta taso. Sojan Indiya na gadi a waje, ma'aikacin Indiya na zufa a ciki, man kuma yana tafiya jiragen Ingila.

Duk da haka aka ajiye Ba'indiye a matsayin da ba na sama ba, ba na ƙasa ba. Turawa su ne ma'aikata masu daraja ta ɗaya. Suna zaune a unguwar Braim, gidaje masu baranda da lambu da fanka, a ɓangaren da iska ke kore musu hayaƙin matata. Suna da kulob ɗinsu, da wuraren wasanninsu. Can ɗaya gefen, bayan tankuna da bututu, aka jera barikokin Indiyawa, maza da yawa a ɗaki ɗaya, mafi yawansu babu iyali, a garin da zafin bazara ke kai maki 50 a ma'auni. Ƙasa da su kuma sai leburorin Farisa, Larabawa da Bakhtiyari da Lurawa, waɗanda galibinsu ko barikin ba su samu ba, sai bukkokin tabarma da suka kafa wa kansu. Wanda ya san yadda Turawa suka ware wa kansu unguwa a Kano, suka ajiye baƙin ma'aikata a Sabon Gari, zai gane wannan tsari da kallo ɗaya.

Akawu Ba'indiye zai iya shekara da shekaru yana riƙe da littattafan ofis, ya san aikin ciki da waje, sai a kawo masa saurayi sabon zuwa daga Ingila a ce ga maigidanka. Shi zai koya masa aikin, amma ba zai taɓa hawa kujerarsa ba, ba zai ci albashinsa ba, ba zai shiga kulob ɗinsa ba. Leburan Farisa kuwa da ya ɗaga kai, Ba'indiye yake fara gani: shi ne ke rubuta suna a bakin ƙofa, shi ne shugaban aiki, shi ya fi shi albashi a cikin ƙasarsa. Haushin da ya kamata ya isa Braim sai ya tsaya a barikin Indiyawa. Ban ga yadda za a ce wannan tsari bai yi wa kamfani daɗi ba.

Shi ya sa abin da ya faru a Disambar 1920 ya girgiza manyan kamfanin. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare ya bar tsadar rayuwa, albashi bai motsa ba. Labarai na zuwa daga gida: kisan da sojoji suka yi wa ɗaruruwan mutane a Amritsar a Afrilun 1919, gwagwarmayar Khilafa, da kiran Gandhi na ƙin haɗa kai da gwamnatin mulkin mallaka. A ƙetaren kogi, Iraƙi ta yi tawaye ga Ingila a wannan shekarar. Indiyawa suka fita, sai ga ma'aikatan Farisa sun bi su. Na tsakiya da na ƙasa suka tsaya wuri ɗaya. Kamfani bai ja dogon lokaci ba, ya amince da ƙarin albashi na kashi 80 cikin ɗari. Girman wannan ƙari kaɗai ya isa ya nuna irin ƙwarar da ake yi musu kafin nan. Sauran buƙatun, na muhalli da na mutunci, aka bar su yadda suke.

Wata 17 bayan haka, a Mayun 1922, suka sake fita. Wannan karon kamfani ya shirya. Arnold Wilson, wanda ya yi gadin rijiyoyi da sojan Indiya yana saurayi, ya riga ya bar aikin gwamnati ya zama babban jami'in kamfanin a yankin. Aka ƙi biyan buƙatunsu, aka ce masu yaji sun karya kwantiragi, aka loda Indiyawa kusan 2,000 a jiragen ruwa aka mayar da su gida. A nan rauninsu yake. Ɗan ƙasa in an kore shi yana nan cikin danginsa, gobe ma ana iya ganinsa a bakin ƙofa. Baƙo mai kwantiragi kuwa, aikinsa da ɗakin kwanansa da izinin zamansa duk a hannun mutum ɗaya suke. Kuma babu inda zai kai ƙara: ƙaramin jakadan da ya kamata ya tsaya masa a matsayinsa na talakan sarkin Ingila, wakilin gwamnatin da ke da fiye da rabin kamfanin ne. Aka ɗora laifin tunzura jama'a a kan Sikhawan da ke cikin Indiyawan, aka rage ɗaukar su aiki.

Daga nan ƙafar Indiyawa ta fara janyewa a Abadan. Riza Khan, wanda daga baya ya zama sarki Riza Shah, ya karya ikon Shaihu Khaz'al, gwamnatin Tehran ta matsa sai an ba 'yan ƙasa aiki. A Mayun 1929 ma'aikatan Farisa suka yi nasu babban yajin, kuma cikin abin da ke ci musu rai har da fifikon da ake ba Indiyawa a kansu. Sabuwar yarjejeniyar 1933 ta wajabta wa kamfani ya riƙa rage baƙin ma'aikata yana maye gurbinsu da 'yan ƙasa. Da aka zo ragewar, kujerun Indiyawa ne suka fi sauƙin taɓawa. Amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ana buƙatar man jiragen sama ido rufe, sai aka sake komawa Indiya aka ɗebo su.

A 1951 Firayim Minista Muhammad Musaddiƙ ya mayar da man ƙasar mallakar gwamnati. Matatar da ake lissafa ta a matsayin mafi girma a duniya ta tsaya cik, baƙin ma'aikatan kamfani suka watse, har da Indiyawa da 'yan Pakistan, waɗanda ƙasashensu suka sami 'yanci shekara huɗu kafin nan. Rukunin ƙarshe na Turawa ya bar Abadan a watan Oktoba. A 1954, bayan an kifar da Musaddiƙ, aka sasanta: kamfanin ya sami kashi 40 cikin ɗari a sabuwar haɗakar kamfanonin da za su riƙa ɗibar man Iran, da diyyar fam miliyan 25, ya kuma sauya suna ya koma British Petroleum. Gwamnatin Iran da kamfanonin Ingila da Amurka da Faransa da Holan ne suka zauna a wannan teburi. Indiyawan da suka shekara kusan 40 suna juya injunan Abadan ba su da kujera a wurin.