Zaɓin Lissafin Daidaita Allura a Kan Faifan Garmaho

Matsalar daidaita allura ta samo asali ne daga bambancin da ke tsakanin yadda ake yanka tsagin faifai da yadda ake karanta shi, domin na'urar da ke yanka tsagin tana tafiya ne a miƙe daga bakin faifai zuwa tsakiyarsa, alhali hannun da ke ɗauke da allura a yawancin na'urori kafe yake a wuri guda yana juyawa, tafiyarsa kuwa a lanƙwashe take kamar baka. Saboda haka allura takan ɗan karkace daga bin tsagi, kuma wannan karkata, wadda ake aunawa da digiri, ita ke gurɓata sauti.

Ana rage ta da dabaru biyu, wato a sa allura ta zarce sandar tsakiya da 'yan milimita, sannan a karkatar da kan hannun zuwa ciki. Idan aka haɗa su, ana samun wurare biyu kacal inda karkatar ke ɓacewa ɗungurungum, kuma saɓanin masana duka a kan inda za a ajiye wuraren nan ne.

Erik Löfgren, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya warware lissafin a 1938, kafin H. G. Baerwald ya sake gabatar da shi a 1941, har sunan Baerwald ya fi shahara a kansa. A faifai mai inci 12, wanda tsaginsa ke farawa daga milimita 146.05 ya ƙare a 60.325 daga tsakiya, wannan tsari yana ajiye wuraren biyu a milimita 120.9 da 66, ta yadda gurɓatar da ake samu a farko da tsakiya da ƙarshe za ta zo daidai wa daida. Tsarin Löfgren na biyu, mai milimita 116.6 da 70.3, yana rage jimillar gurɓata a faɗin faifan, amma yana barin ƙarshensa cikin wahala.

Ƙarshen nan kuwa shi ne wurin da ya fi rauni, domin a juyi 33 da sulusi a minti, tsagi yana wucewa ƙarƙashin allura da saurin kusan santimita 51 a daƙiƙa a baki, amma kusan 21 kawai a ciki, don haka sautin a matse yake a can, kuma ƙaramar karkata tana yin babbar ɓarna. Wannan ne ya sa J. K. Stevenson a 1966 ya mayar da wuri na ciki zuwa tsagin ƙarshe, tsarin da ya dace da kiɗan da ke ƙara amo a ƙarshen faifai.

Ga mai tarin fayafayai iri-iri, tsarin Baerwald ya fi kwantar da hankali, sai dai zaɓin bai kai kula wajen aiki muhimmanci ba, tunda kuskuren milimita guda na iya shafe bambancin da ake jayayya a kansa. Wani hannun ma bai bar sararin da za a matsar da allura yadda kowane tsari ke so ba. Hannun na'urar Technics SL-1200, alal misali, an ƙera shi da zarcewar milimita 15 da karkatar digiri 22, kuma bin ma'aunin da ya zo da shi ba laifi ba ne. Wanda ya ɗauki takardar awo ta daidaita allura kuwa, ya tabbata ta tsarin da ya zaɓa ce, ya kuma daidaita siririn ƙarfen da ke riƙe da allurar da layukan takardar, ba akwatin da ke ɗauke da shi ba, domin sau da yawa ƙarfen kan fito a ɗan karkace tun daga masana'anta.