In Allurar Mota Ta Fara Ƙarya

A Amurka akwai manyan motocin dizal masu ɗakin kwana, da yawansu injin yana can baya. Direba ba ya jin ƙararsa sosai, sai abin da allura ta nuna masa. To, in mota ta tsufa fa?

In allurai duka sun rikice tare, mu duba fis da wayar da ta haɗa batir da jikin mota; sau da yawa tsatsa ce. In ta zafi ce kaɗai, mu cire wayarta daga inji, mu buɗe makulli, mu ɗan taɓa ta a ƙarfe. In allura ta haura, agogo lafiya lau, 'yar na'urar jikin injin ce ta mutu.

Amma in ta baƙin mai ce ta faɗi, mu kashe inji tukuna, makanike ya gwada da nasa agogon.