Shin Ko Kun San? Birnin Zazzau a Ƙafa

Shin ko kun san mutumin Kusfa bai buƙatar mota kafin ya sha kallon tarihi? Unguwar malamai ce a cikin birnin Zariya, kuma daga lungunanta, inda ƙira'ar almajirai ke tashi tun asuba, ƙafa kawai za ta kai ka fada, ta kai ka ganuwa.

Ko kun san ganuwar nan ba gidaje kaɗai ta kewaye ba? Magabata sun bar fili mai faɗi a ciki domin gonaki da kiwo, ta yadda ko abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya, ba za a rasa abinci ba. Ƙofofinta na nan da sunayensu: Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Kibo, Jatau. Abin takaici, ana ta ɗibar ƙasarta ana gini, wasu wuraren ma an shafe ta ƙaf. Wannan asara ce da kuɗi ba za su mayar ba.

Itacen rimi kuwa har suna ya ba unguwannin birnin, irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko.

Shin ko kun san wanda ya gina tsohon Masallacin Juma'a da ke kusa da fada? Babban Gwani Mika'ilu ne, a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya hau gadon sarauta a 1834. Da tubali da azarar giginya ya ɗaure bakunan rufin, azarar da gara ba ta iya ci. Daga baya an yi sabon gini an lulluɓe tsohon a ciki. In ka samu shiga, ɗaga kai ka dubi yadda bakunan suka tashi daga ginshiƙai suka haɗu a sama. A ganina aikin ƙasa bai wuce nan ba a duk ƙasar Hausa.

Ko kun san a zamanin da, sarakuna da masu sarauta suna da manyan gandaye a karkara, da rinji inda bayi ke noma musu? Baba ta Karo ta ba da labarin zaman rinji a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954.

Mai son hawa kuma ya nufi dutsen Kufena, yamma da gari, inda aka zauna tun kafin birnin yanzu. A fita da sassafe, a riƙe ruwa.