Yaron da Ke Ji, Yana Ganewa, Amma Magana Ta Ƙi Fita

 

'Yan'uwa, mu da muke zama da yara a makaranta safe da yamma muna cin karo da wani irin yaro. Ka ce masa ya ɗauko allo, ya ɗauko. Ka ce ya kira wane, ya je ya jawo hannunsa. Amma ka ce ya biya karatu, sai baki ya yi ta motsi, harafin ya ƙi fita, ko ya fita a karkace. A gida a ce taurin kai ne, a waje a ce bebe ne, wasu su ce shafar aljanu. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara hankalinsu lafiya lau, kunnensu ma lafiya. Matsalar tana tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓɓan furuci, kuma akwai abin da ake yi a kai.

Ɗalibanmu na tajwidi sun san Ibnul Jazari ya ƙidaya mafitar haruffa 17, a wurare 5: cikin baki da maƙogwaro inda haruffan maddi ke fita, sai maƙogwaro, harshe, leɓɓa da karan hanci. Kafin mutum ya ce "ba", sai ya haɗe leɓɓa, ya turo iska daga huhu, ya kaɗa murya, sannan ya buɗe leɓɓan daidai lokacin da ya kamata. Ƙwaƙwalwa ce ke tsara wannan duka cikin ƙiftawar ido. Idan tsarin ya samu tangarɗa, ko gaɓɓan suka kasa bin umurni, magana ta lalace. Likitoci sun raba abin gida biyu.

Na farko suna ce masa afraksiya. A nan tsokar baki ba ta da rauni: yaro na tauna nama, yana dariya, yana kuka da ƙarfi. Ya san kalmar da yake so, amma ƙwaƙwalwa ta kasa jera motsin da zai fitar da ita. Alamarsa ita ce kalma ɗaya ta fito iri-iri. Yanzu ya ce "uwa" yana nufin ruwa, an jima ya ce "wuwa", gobe ya rasa ta gaba ɗaya. Za ka ga yana laluben wurin da zai aza harshe. Kalma in ta yi tsawo sai ta ƙara rikice masa. Jan wasali da hawa da saukar murya su ma sukan ɓaci, kuma a Hausa wannan babban abu ne, don jan wasali kaɗai ya raba garin da muke zaune da garin tuwo. An ƙiyasta yaro 1 zuwa 2 cikin 1,000 ke da wannan lalura, kuma ta fi yawa ga maza. A mafi yawan yara ba a gano sababi. Wani lokaci gado ne: a shekarar 2001 masu bincike a Ingila suka gano wata ƙwayar halitta mai suna FOXP2 a wani dangi da kusan rabinsu ke fama da ita.

Na biyu suna ce masa disatiriya. Shi kuwa tsokar ce da kanta ta yi rauni, ko ta sandare, ko take motsi a hankali. Maganar takan fito a jaye, ko ta hanci, ko numfashi ya ƙare kafin jumla ta ƙare. Sau da yawa akwai dalalar miyau da ƙwarewa wajen ci da sha. An fi ganinsa ga yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun suna jarirai, waɗanda sukan makara wajen zama da tafiya. Daga cikin abubuwan da ke jawo haka akwai doguwar naƙuda har jariri ya rasa iska, haihuwar bakwaini, shawara mai tsanani a kwanakin farko, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa jaririn da idonsa ya yi ɗorawa a kai shi asibiti a ranar, kada a jira suna.

Waɗannan biyun ba in'ina ba ne, kuma ba kurumta ba ne. Haka kuma yawan harsuna ba ya jawo su. Yaranmu na zango suna tashi da Hausa a gida, Tuwi a kasuwa, Turanci a makarantar boko, Larabci a wajenmu, kuma lafiyayyen yaro yana ɗaukar su duka.

To yaushe iyaye za su damu? Galibi jariri kan fara gwaranci irin su "ba-ba" da "ma-ma" tsakanin wata 6 zuwa 10, kalmar farko ta zo wajen shekara 1, ya fara haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Yara sun bambanta, gaskiya ne. Amma yaron da ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ya kai shekara 3 mutanen gida ma ba su gane abin da yake faɗi, kada a tsaya ga "ai babansa ma ya makara". A faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar awo, a nemi takardar zuwa babban asibiti. Abin da ake fara yi shi ne gwajin ji, a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kamar na Korle Bu a Akra ko Komfo Anokye a Kumasi. A nan ne kuma za a tambayi inda ƙwararren gyaran magana yake. Su kaɗan ne a ƙasar nan. Sai a 2016 Jami'ar Ghana ta fara horar da su a matakin digiri na biyu. Don haka layi na da tsawo, kuma rabin aikin a gida za a yi shi.

Yadda suke aikin ba zai zama baƙo ga malamin allo ba. Wata hanya da Edythe Strand, wadda ta yi aiki a asibitin Mayo a Amurka, ta tsara don yaran da afraksiyarsu ta yi tsanani tana tafiya haka: a zaɓi kalmomi kaɗan, kamar 5 zuwa 7, waɗanda yaro ke buƙata kullum, irin su "Mama", "ba ni", "a'a", "zo". Mai koyarwa ya zauna gaba da gaba da yaro, ya ce masa kalli bakina. Su faɗi kalmar tare a hankali, suna jan ta. In ya kasa, a taɓa masa leɓe ko haɓa don ya ji inda motsin yake. In ya iya tare, sai ya biya bayan malam. In ya iya wannan, a jinkirta kaɗan kafin ya biya, har ya kai ga faɗinta da kansa in an tambaye shi. Maimaitawa ake yi da yawa, a zama gajere, sau 3 zuwa 5 a mako ga mai tsanani. Kalmar gaba ɗaya ake koyarwa, don wahalarsa tana wajen ƙetarewa daga harafi zuwa harafi. Ga mai disatiriya kuma akan ƙara da gyara masa zama, koya masa cika numfashi kafin magana, da rage sauri.

Akwai yaron da maganar baki ba za ta wadatar da shi ba, ko za ta daɗe. Shi ana haɗa masa da ishara da allon hotuna: hoton ruwa, abinci, bayi, ciwo, sai ya nuna. Wasu iyaye na tsoron hakan zai sa ya yi lalaci, amma abin da masu aikin suka gani shi ne ishara ba ta hana magana, takan ma rage masa fushi da duka. Malaman fiƙihu tun tuni sun karɓi isharar wanda ba ya magana a ciniki da aure, matuƙar ana fahimtarta.

Sai abubuwan da za a guje wa. Cire beli ba ya gyara afraksiya, yana iya jawo zubar jini da shigar cuta. Yankan linzami na ƙarƙashin harshe ma haka, sai in likita ya duba ya ga buƙata. Bulala ba ta koya wa harshe hanya, tsoro kawai take ƙarawa, yaron ya daina gwadawa. Addu'a muna yi, kuma Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa a kan harshensa kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Amma addu'a tare take tafiya da neman magani.

Ya ku iyaye, minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana, da kalmomin da aka ba ku, sun fi awa guda ranar Lahadi. In ya yi magana ku ba shi lokaci ya gama, kada ku ƙwace masa. Malamai 'yan'uwanmu, ku zaunar da shi gaba inda zai ga bakinku, ku ba shi guntun karatu, ku gwada fahimtarsa ta nuni da rubutu. Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa, karatun da ya iya kawowa shi ne nasa. Ku kuma ɗalibai, duk wanda ya kwaikwayi maganar ɗan'uwansa don a yi dariya, ya sani zai iya rufe masa baki na wata guda.

Wanda ke da irin wannan yaro a gida ya same mu bayan sallar La'asar, mu duba yadda za a yi da takardar asibiti da kuɗin mota. Allah Ya ba yaranmu lafiya, Ya ba iyayensu haƙuri da lada. Amin.