Kuɗin Gina Shafin Intanet na Kasuwanci: Abin da Ɗan Kasuwar Dutsin-Ma da Kurfi Zai Biya da Abin da Zai Mallaka

1.0 GABATARWA

Sau da yawa 'yan kasuwar ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi sukan tare mu malamai da tambaya guda, watau, "Malam, nawa ake yin shafin intanet?" Mai tambayar yakan ce ya ji farashi uku daga bakin mutum uku: na farko bai wuce kuɗin buhun masara ba, na ƙarshe kuwa ya kai kuɗin sabon babur. Saboda haka ya rasa gane wanda ke son cutarsa da wanda ke gaya masa gaskiya.

Manufar wannan takarda ita ce ta warware wannan ruɗani. Za mu rarraba kuɗin kashi-kashi, mu nuna wanda ake biya sau ɗaya da wanda ake biya kowace shekara, sa'an nan mu auna su da yanayin yankinmu. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, ladan da magini yake yankawa ranar ciniki ƙaramin kashi ne na abin da shafi zai ci, kuma wanda bai riƙe sunan shafinsa a hannunsa ba yana iya biyan kuɗin duka ya tashi a tutar babu.

2.0 SASSAN SHAFI

Tim Berners-Lee ne ya ƙago tsarin shafukan intanet a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba, ya gabatar da shawararsa a 1989, aka buɗe tsarin ga jama'a a 1991. A Nijeriya kuwa, talaka bai fara kusantar wannan fasaha sosai ba sai bayan shigowar wayar salula ta GSM a 2001, da kuma yaɗuwar manyan wayoyi daga baya.

Domin sauƙin fahimta, bari mu kwatanta shafi da rumfar kasuwa. Kowace rumfa tana da abu uku: lambar da ake nemanta da ita, da filin da take zaune a kai, da kuma ginin kansa. Haka shafi yake. Akwai suna, watau adireshin da mai saye zai rubuta ya iso. Akwai ma'ajiya, watau wata babbar kwamfuta da ba ta mutuwa dare da rana, wadda ake ajiye shafin a cikinta. Sa'an nan akwai ginin, watau tsari da launi da hotuna da rubutun da ido ke gani. Gini kaɗai ake saye. Suna da ma'ajiya haya ce, kuma duk shekarar da aka fasa biya, sai a rufe rumfa.

3.0 KUƊIN DA AKE BIYA SAU ƊAYA

3.1 Ladan Magini

Babu wata hukuma da ta yanka farashin wannan aiki. Ciniki ne tsakanin mai aiki da mai ba da aiki, kamar na birkila ko kafinta. Abin da ke ɗaga shi ko ya sauke shi shi ne yawan kwanakin da aikin zai ci da kuma ƙwarewar mai yinsa. Muna iya kasa shafukan kasuwanci gida uku:

(a) Shafin gabatarwa. Wannan yana nuna sunan kasuwanci da hajarsa da inda yake da lambar waya. Ya dace da masaukin baƙi ko ɗakin shan magani.

(b) Shafin ciniki. A nan mai saye yakan zaɓi kaya ya biya nan take, don haka sai an haɗa shi da hanyar karɓar kuɗi da lissafin kayan da suka rage.

(c) Shafi na musamman. Misalinsa na makaranta mai zaman kanta, inda iyaye za su biya kuɗin zango su kuma duba sakamakon 'ya'yansu.

Yawancin maginan ƙananan shafuka ba sa fara aiki daga tushe. Suna amfani da manhaja irin WordPress, wadda ta fito a 2003, kuma kyauta ce, sai su ɗora mata shiryayyen zubi su canza launi da rubutu. Wannan ba aibi ba ne, yana ma rage tsada. Aibin shi ne a karɓi kuɗin ɗinkin tela a kawo wa mutum rigar kanti. Ya kamata mai ba da aiki ya tambaya tun farko wace hanya za a bi.

3.2 Kayan Ciki

Hotuna da rubutu su ne hajar da ake jerawa a rumfa, amma sau da yawa ba a ambatarsu ranar ciniki. Wa zai ɗauki hotunan? Wa zai rubuta bayanin? Idan ana son shafin da Hausa da Ingilishi, aikin rubutu ya zama biyu. Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu masu nazarin harshe, watau baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane zubin rubutu yake ɗauke da su ba, kuma inda babu su sai su fito a karkace ko a matsayin ɗan akwati. Maginin da bai san Hausa ba yakan share ƙugiyar don ya huta, sai "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓari" ya koma "bari". Gyaran wannan daga baya wani kuɗi ne.

3.3 Rajistar Kasuwanci

Wanda yake son cikakken asusun karɓar kuɗi da sunan kasuwancinsa, galibi sai ya nuna takardar rajista ta hukumar rajistar kamfanoni, watau CAC. In ba shi da ita, kuɗinta ya shiga lissafi.

4.0 KUƊIN DA BA YA YANKEWA

4.1 Hayar Suna

Sunayen da ke ƙarewa da .ng ko .com.ng suna ƙarƙashin ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, kuma ana biyansu da naira ta hannun dillalan da ta amince da su. Masu ƙarewa da .com kuwa suna hannun kamfanin Verisign na Amurka, wanda a watan Satumba na 2024 ya mai da farashinsa na sari dala 10.26 a shekara, dillalai kuma su ɗora ribarsu.

4.2 Hayar Ma'ajiya

A nan ne canjin kuɗi yake yi wa ɗan kasuwa kwanton ɓauna. Manyan ma'ajiyoyi da dama a Turai da Amurka suke, kuma ko kamfanin gida ne ya karɓi naira, wani lokaci shi ma hayar yake yi da dala. Kafin watan Yuni na 2023 farashin dala a hukumance kusan naira 460 ne. Bayan da aka saki naira a wannan wata, sai da dala ta haura naira 1,500 a cikin Fabrairun 2024. Ke nan hayar dala 100 da ake biya naira 46,000 ta koma naira 150,000, alhali ko hoto ɗaya ba a ƙara a shafin ba.

4.3 Tsaro da Gyara

Shafi yana bukatar takardar shaidar tsaro, wadda a wasu manhajojin buɗe shafi take sa alamar kwado ta bayyana kusa da adireshi. Hukumar Let's Encrypt tana ba da irin wannan shaida kyauta, kuma ta wadatar wa ƙaramin kasuwanci. Saboda haka in an sa ta cikin lissafi da kuɗi mai yawa, sai a nemi dalili. Ban da wannan, manhaja tana bukatar sabuntawa a kai a kai don toshe ƙofofin ɓarayi, farashin kaya ma yana canzawa. Ko dai mai shafi ya koyi yin wannan da kansa, ko ya riƙa biyan wani.

4.4 La'adar Karɓar Kuɗi da Sauransu

Kamfanonin da ke karɓar kuɗi a madadin mai shafi, irin su Paystack da Flutterwave, suna cire la'ada daga kowane ciniki. Alal misali, a tsarin Paystack na 2023, ana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, iyakar abin da za a cire naira 2,000. Watau cinikin naira 20,000 zai bar naira 400 a hanya. Daɗin daɗawa, akwai harajin kayan masarufi, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, da kuɗin data, wanda hukumar NCC ta yarda a ƙara har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

4.5 Lissafin Shekara Uku

Bari mu buga misali da alƙaluman ƙiyasi, don nuna hanyar lissafi kawai. Mu ɗauka ladan magini naira 300,000 ne, suna da ma'ajiya naira 150,000 a shekara, gyara kuma naira 5,000 a wata, watau 60,000 a shekara. Kuɗin shekara ya zama 210,000, na shekara uku 630,000. In aka haɗa da ladan magini, jimla 930,000. Ashe abin da aka yi ta ja-in-ja a kansa ranar ciniki bai cika sulusin kuɗin ba. Idan kuma ribar mai shafin naira 1,000 ce a kan kowane buhu, to sai shafin ya jawo masa ƙarin cinikin buhu 210 kowace shekara kafin ya ci da kansa. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a fara da shi.

5.0 YANAYIN YANKINMU

Dutsin-Ma gari ne na ilimi, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga kuma noman rani na madatsar ruwan Zobe. Wannan ya sa akwai sana'o'in da abokan cinikinsu baƙi ne ko na nesa: masaukin baƙi, da masu ba ɗalibai hayar ɗakuna, da makarantu, da dillalan da ke tura kayan gona Kano ko kudu. Irin waɗannan shafi yana iya mayar musu da kuɗinsu, domin wanda bai san gari ba a waya yake fara nema.

Amma mai sayar da hatsi a Kutawa, ko mai shagon tireda a Kurfi, wanda masu sayensa suka san ƙofar gidansa, bukatarsa daban ce. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba shi damar jera hotunan kaya da farashi ba tare da haya ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Sai dai ya tuna zanen aro ba ya rufe katara: a watan Maris na 2024 kamfanin Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da ya daɗe yana bai wa 'yan kasuwa, waɗanda suka dogara da su kuma ba su da ta cewa.

Akwai kuma darasin 2021. A watan Satumba na wannan shekara aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, aka kuma shafe watanni a haka. Shafin da ke ma'ajiya a waje bai mutu ba, haya ma ba ta tsaya ba, amma mai shi ba ya iya ganin saƙon mai saye sai ya yi tafiya neman layi. Hikima ita ce a sa lambar wani wakili na Katsina ko Kano a shafin, a kuma gina shi marar nauyi, yadda zai buɗe ko da layi ya yi rauni.

6.0 MATSALAR MALLAKA

Wannan ita ce babbar asarar da ake tafkawa cikin rashin sani. Maginin shafi yakan yi rajistar suna da ma'ajiya da adireshinsa na imel, wani lokaci ba da mugun nufi ba, don dai ya gaggauta aiki. A gari irin namu, masu wannan sana'a da yawa ɗalibai ne ko 'yan bautar ƙasa, waɗanda zamansu na ɗan lokaci ne. Idan shekara ta zagayo, sanarwar biyan haya wurin magini za ta je, shi kuwa ya bar gari ya canza lamba. Sunan sai ya faɗi, bayan ɗan wa'adi kuma a sake shi ga duk mai so. Ɗan kasuwar da ya riga ya buga adireshin a allon shago da rasit da jikin mota, ya wayi gari yana tallata rumfar da ba tasa ba.

Rigakafi ya fi magani. Muna ba da shawarar a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ta ƙunshi waɗannan:

(a) A yi rajistar suna da ma'ajiya da sunan mai kasuwanci da imel ɗinsa, ya kuma karɓi kalmomin sirri duka.

(b) A rubuta kuɗin kowace shekara dabam da ladan gini, a faɗi ko da naira ne ko da dala.

(c) A bayyana yawan shafuka da wanda zai kawo hotuna da rubutu da yawan gyaran da ke cikin lada.

(d) A biya lada kashi-kashi, kashin ƙarshe bayan an ga aiki a waya an kuma koya wa mai shi yadda zai canza farashi.

(e) A ba mai shafi kwafin aikin duka, domin in ya so ƙaura zuwa wata ma'ajiya.

Makarantu da asibitoci suna da ƙarin nauyi, domin dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane alhakin tsare su. Araha ba ta ado a irin wannan aiki.

7.0 KAMMALAWA

A wannan takarda mun nuna cewa amsar "nawa ake yin shafi?" tana da rassa uku: nawa ne yau, nawa ne kowace shekara, kuma sunan wa ke kan takarda. Ɗan kasuwar da ya sami amsar ukun nan a rubuce zai iya kwatanta farashin buhun masara da na babur, ya gane abin da kowanne ya ƙunsa da abin da ya bari.

Daga ƙarshe, muna kira ga 'yan'uwanmu malamai na sassan kwamfuta da kasuwanci da Hausa da su haɗa kai. Ɗaliban da muke koya wa gina shafi su ne maginan gobe, don haka wajibi ne mu koya musu rubuta farashi a fili da miƙa amana ga mai ita. Haka kuma akwai bukatar a shirya takardar yarjejeniya ta misali da Hausa, mai kalmomin da aka daidaita, wadda ɗan kasuwa zai karanta da kansa kafin ya sa hannu.