Ranar Kitso: Abin da Uwa Take Gani a Kan Ɗiyarta

Hirarmu ta yau a kan gashin yara mata take. Wataƙila wani maigida a cikinku zai ce: "Wannan ai zancen mata ne, ina ruwana?" Malam, dakata tukuna. Kai kake ba da kuɗin cefane. Kai kake kiran wanzami. In ciwo ya zo, kai za ka nemi amalanke ko kabu-kabu zuwa gidan likita. Zancen ya shafe ka.

A ƙasar Damagaram, in ana son a san irin riƙon da ake yi wa yarinya, ba tufafinta ake fara dubawa ba, don tufafi ana aronsu. Kanta ake dubawa. In an ga kitso tsaf, fatar kai tana sheƙi, sai a ce gidan akwai mace. In an ga kai ya cukurkuɗe, ya yi fari fat da ƙura, sai tsofaffi su tambaya: "Ɗiyar wa ce wannan? Uwar tana da rai kuwa?"

Da muka ce uwa, ba mahaifiya kaɗai muke nufi ba. Kun san kunyar ɗan fari. Sau da yawa ɗiyar fari a ɗakin kaka ko goggo take girma, kuma su ne suke riƙe da kanta. Akwai matar uba ta kirki da ta yi wa ɗiyar kishiya kitso har ranar aurenta. Duk waɗannan iyaye ne.

Aikin yana farawa tun ran suna. Kwana 7 da haihuwa wanzami yakan zo ya yi askin fari, mace ce ko namiji. Bayan haka, a da, ba a gaggawar yi wa ƙaramar yarinya kitso. Akan riƙa aske kan, a bar mata tukku. Barebari, waɗanda gidan sarautar Damagaram ya fito daga cikinsu, suna da nasu salon: akan raba gashin yarinya gida uku, kowa ya gani ya san ba ta isa aure ba. Sai yarinya ta yi wayo, ta iya zama wuri ɗaya, sannan ake kai ta gaban makitsiya.

To, me ya sa ake kitso? Ado ne, gaskiya. Amma akwai dalilin da ya fi ado.

Ku ciro gashi ɗaya daga kanku, ku aza shi a kan farar takarda. Za ku ga ya nannaɗe kamar igiyar guga. Haka Allah ya yi gashin baƙar fata. Fatar kai tana fitar da maiƙo nata na halitta. A miƙaƙƙen gashi, irin na Larabawa ko Turawa, maiƙon yakan gangara har ƙarshe. A namu kuwa, lanƙwasa tana tare shi, sai bakin gashin ya bushe. Busasshen gashi karyewa yake yi, kamar karan gero a watan bazara. Ga zafin rana, ga iskar hunturu da rairayi. Kitso yana tattara gashin wuri ɗaya, ya ɓoye bakinsa, ya hana shi harɗewa. Gashi yana ƙaruwa da kamar santimita 1 a wata. In ka ji an ce gashin wance ba ya tsawo, yawanci yana tsirowa daga ƙasa ne, yana karyewa daga sama.

Akwai kuma zancen ruwa. Birnin Damagaram a kan duwatsu yake, kuma ƙarancin ruwansa tsohon labari ne. Yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka kai Yamai a shekarar 1926. Matar Birni ko ta Zango da ta sayi ruwan ga-ruwa, ko ta ƙauye da ta jawo shi daga rijiya mai gaba da yawa, ba za ta iya wanke kan yara kullum ba. Sai ta wanke sau ɗaya, ta wanke da kyau, ta kitse. Kitson ya yi mako ɗaya ko biyu. Wannan dabara ce ta masu lissafi, ko da ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

Gidaje da yawa ranar Alhamis suke wannan aiki, don ba a zuwa makarantar allo. Ranar kuma babbar kasuwar Dole take ci, ana samun man shanu sabo a wajen matan Fulani. Ga yadda ake yi. Da farko tsifa: a warware tsohon kitso da tsinke ko kibiya, sannu a hankali. Sai a jiƙa garin karkashi a ruwa har ya yi yauƙi. Karkashin nan da kuke miya da shi, shi ne. Yauƙinsa yana sa gashi santsi, harɗe ya warware ba tare da an fizge ba, kuma ba ya busar da kai kamar sabulun wanki na kanti. In kai ya yi dauɗa sosai, a sa ɗan sabulun salo tukuna. A ɗauraye. Tun gashin da sauran danshi a shafa mai: man shanu, ko man kaɗe, ko man gyaɗa. Sannan a raba gashin kashi-kashi, a taje da mataji mai manyan haƙora. Daga bakin gashi ake farawa, a dinga hawa har tushe. Wadda ta kafa mataji a tushe ta ja, rabin gashin a hannunta zai zauna, yarinya kuma ta tsani ranar kitso.

Yanzu ga babban abin da muke so ku riƙe. Uwa da ta sa kan ɗiyarta tsakanin gwiwoyinta, tana tsaga shi layi-layi, ba inda idonta ba ya kaiwa. Kamar yadda kuke bin layin rubutu da yatsa a allo, haka take bin fatar kan. Tana jin ko jiki da zafi. Tana ganin ƙurji tun yana ƙarami. Tana taɓa bayan kunne da ƙeya, ta ji ko akwai kaluluwa. Ana cikin haka kuma yarinya tana ba da labari: wa ya doke ta a wajen talla, wa ya tare ta a hanya. Abin da ba za ta faɗa ido da ido ba, takan faɗe shi in kanta yana sunkuye.

Abu na farko da gashi yake faɗa shi ne labarin ciki. Tsofaffin da suka ga yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, da ku da kuka ga ta 2005, kun san wannan alama. Gashin yaro ya yi ja-ja ko ya koɗe, ya yi laushi, ya saki nannaɗewarsa, in an ja shi kaɗan ya tuge ba zafi. Wannan alamar tamowa ce. Gashi da abinci mai gina jiki ake yin sa. In abincin ya kasa, jiki yakan fara hana wa gashi rabonsa. Ba kowane jan gashi ne tamowa ba. Rana ma tana koɗar da bakin gashin yara masu kiwo. Saboda haka sai a duba ƙafa. Danna bayan ƙafar da babban yatsa, ƙirga ɗaya, biyu, uku, ka ɗaga. In wurin ya lotsa bai taso ba, a ƙafa duka biyu, kumburi ne. Kada ku ce ƙiba ta yi. Kada ku tsaya neman mai na shafawa. Ku kai ta gidan likita a ranar.

Akwai kuma zaren awon dantse, mai launi uku: tsanwa, rawaya, ja. Ana auna yara daga wata 6 zuwa shekara 5. In awo ya faɗa a ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, yaro yana cikin haɗari. A shekarun 2013 da 2014, a ƙasar Mirriya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa dubban mata yin wannan awo da kansu. Da aka duba aikin, sai aka ga awon iyaye mata bai kasa na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba. Mu dai abin bai ba mu mamaki ba. Idon da ya saba duba kan ɗiya kowane mako, ai ba baƙo ba ne a wajen lura.

Maigida, a nan aikinka yake. Ƙasarmu ƙasar gyaɗa da wake ce, tun daga Magariya har Matamaye da Kance. Kada a kwashe duka a kai kasuwa. Ƙuli-ƙuli a daka a zuba a kunun yara. Wake, zogale, nono, ƙwai, busasshen kifi, har soyayyar fara, duka suna gina jiki. Abin da yarinya ta ci ya fi abin da aka shafa mata tasiri a gashi.

Abu na biyu makero ne. Za ka ga wuri ya yi da'ira kamar kwabo, ya yi fari-fari da ɓawo, gashin wurin ya kakkarye. Ƙwayar cuta ce mai kama da funfuna, tana shiga har cikin tushen gashi. Shi ya sa man shafawa kaɗai ba ya kashe ta. Sai an sha magani, mako 6 zuwa 8, ba fashi. Ɗaya daga cikin magungunan da likita yake bayarwa, a jikin kwalinsa an rubuta griséofulvine. Ku kwafi kalmar a littafinku, ku gwada karanta ta. In an ga sauƙi a mako na biyu aka daina sha, ciwon dawowa yake yi. Wasu sukan kankare wurin da reza har jini, su shafa toka ko ruwan batir. Wannan ba magani ba ne, tabo yake bari, kuma inda tabo ya zauna gashi ba ya sake fita.

Makero yana bin mataji, da kallabi, da hula, da aska. In yara biyar suka yi layi a gaban aska ɗaya, abin da ke kan na fari ya isa na ƙarshe. Aska mai jini kuma tana iya ɗaukar abin da ya fi makero, kamar ciwon hanta. Ba raina wanzami ba ne ka ce a sa wa ɗanka sabuwar reza. Wanzamai da yawa sun riga sun gane haka.

Kwarkwata kuwa ba ta tashi, ba ta tsalle. Rarrafe take yi daga kai zuwa kai, a shimfiɗa ko a wajen wasa. Ba abin kunya ba ne, tana kama ɗiyar sarki tana kama ɗiyar talaka. Ƙwanta yana manne a gashi kusa da fata, ya ƙyanƙyashe cikin kwana 7 zuwa 10. Ke nan tsince ta rana ɗaya bai isa ba. A tsefe, a shafa mai, a bi kashi-kashi ana cirewa, a maimaita bayan kowane kwana 3 ko 4 har mako biyu, a duba kan duk yaran gida. Kallabi da zanen rufa a wanke a shanya a rana. Muna roƙonku da babbar murya: kada a zuba wa yarinya maganin ƙwarin gona ko na ajiyar wake a kai, kada a zuba kalanzir. Guba tana ratsa fata ta shiga jini. Kalanzir kuma, in yarinya ta matsa kusa da murhu, wuta ce.

Ba duk abin da aka gada ne daidai ba. Akwai makitsiyar da ake yabo wai hannunta da ƙarfi, kitsonta yana wata guda. Sai ka ga yarinya ta tashi gira a ɗage, ba ta iya runtse ido, dare ya yi ta kasa aza kai a matashi. Kwana biyu ƙananan ƙuraje su fito a gaban goshi. Wannan ja ne ya yi yawa, tushen gashi yana kuka. In an maimaita shekara da shekaru, gaban goshi ya cinye, kuma ba man da zai komo da shi. Matan da kuke gani suna jawo kallabi har gira, da yawansu tun suna yara aka yi musu wannan ɓarna, galibi a jajibirin Salla, lokacin da makitsiya take sauri ga layi yana jira. Ke uwa, in ɗiyarki ta ce da zafi, gaskiya ta faɗa. A sassauta. Ƙananan gashin goshi a bar su. A riƙa sauya salo, yau shuku, wani mako zane, don kada tsaga ta zauna wuri ɗaya kullum. Ƙarin gashin roba da tarin duwatsu ma nauyi ne ga kan ƙaramar yarinya.

Sai man miƙar da gashi da ake sayarwa a kanti, mai hoton yarinya tana murmushi a kwali. Irinsa da yawa da soda ake haɗa shi, irin wadda ake dafa sabulu da ita, ko wani abu mai ƙarfi kamarta. Yana ƙona fatar kai, yana raunana gashi. A shekarar 2022 masu bincike na gwamnatin Amurka sun fitar da sakamakon bin lafiyar mata fiye da 33,000 na kusan shekara 11. Sun ga ciwon dajin mahaifa ya fi yawa a cikin masu yawan amfani da irin wannan mai. Ba su ce shi kaɗai ne sanadi ba, amma ya isa a yi hattara. Abin sha'awa, a can Amurka ɗin baƙaƙen mata da yawa sun bar shi sun koma kitso da man kaɗe, suna saye da tsada abin da yake a bakin ƙofarku.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya buɗe littafinsa, ya rubuta sunayen yaran gidansa a jere. A gaban kowane suna ya rubuta ranar da aka duba kansa, da abin da aka gani: lafiya, ko makero, ko kwarkwata, ko jan gashi. Maza su tambayi matan gida, su rubuta abin da aka gaya musu. Wanda ya sami kalmar da ta gagare shi, ya kawo wa malamin aji a rubuta ta a allo. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi hira a kan yaye da kunun yara.